Barra: Filin Jirgin Saman da Teku Ke Rufewa Sau Biyu a Rana

A yawancin filayen jiragen sama na duniya agogo ne ke tsara tashi da sauka. Idan an rubuta ƙarfe 10 na safe, gobe ma ƙarfe 10 ne, haka jibi. Amma akwai wani fili a arewa maso yammacin Sikotlan, cikin ƙasar Birtaniya, wanda lokacin jirginsa ke motsawa daga rana zuwa rana. Dalili kuwa shi ne a tsibirin Barra kan yashin bakin teku jirgi yake sauka, kuma sau biyu a kowace rana ruwa yakan taso ya shafe filin baki ɗaya. Sai ya janye sannan jirgi zai samu wurin sa ƙafa. An san shi a matsayin fili ɗaya tilo a duniya da jiragen fasinja masu zirga-zirgar yau da kullum ke amfani da irin wannan yashi a matsayin titin sauka, kuma tun shekarar 1936 ake yin haka.

Mu huɗu ne, dukkanmu ɗaliban jami'a a birnin Gilasgo. Tun lokacin sanyi muke tara 'yan kuɗin da muke ragewa daga na abinci da na mota, da niyyar idan mun gama jarrabawa mu je mu ga wannan wuri mu dawo a rana guda. A farkon watan Yuni muka cika burin. Mun ga ya dace mu kawo muku labarin, ƙannenmu na sakandare, domin abubuwa da yawa da kuke rubutawa a littafin darasin labarin ƙasa da na kimiyya mun tarar da su a can suna aiki a fili, har rayuwar mutane ta dogara a kansu.

Ina ne Barra?

Idan kuka buɗe taswirar Birtaniya, ku dubi can sama ta hannun hagu. Za ku ga jerin tsibirai sun miƙe daga arewa zuwa kudu kamar carbi, ana kiransu Hebrides na Waje. Barra tana kusa da ƙarshen jerin ta kudu. Faɗin ƙasarta bai wuce murabba'in kilomita 60 ba, mutanenta kuma ba su fi 1,200 da 'yan kai ba, wato makarantar sakandare guda mai cika a Kano ko Zariya za ta iya fin tsibirin yawan jama'a. Daga gaɓarta ta yamma babu wata ƙasa sai Tekun Atlantika, har sai an kai Kanada.

Hanya biyu ce ake zuwa daga babban yankin Sikotlan. Ko dai mutum ya hau jirgin ƙasa ko mota zuwa garin Oban, sannan ya shiga jirgin ruwa na kusan awa 5, ko kuma ya hau ƙaramin jirgin sama daga Gilasgo ya isa cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Nisan ta sama ya kai kimanin na Kano zuwa Kaduna. Mai son zuwa ya dawo a ranar ba shi da zaɓi sai jirgin sama, kuma dole ya nemi ranar da jirgin farko da na biyu suka bar tazara mai ɗan yawa a tsakaninsu. Mun daɗe muna duba jadawali kafin mu samu ranar da ta ba mu awa uku da rabi a tsibirin.

Jirgin da ke ɗaukar mutum 19

A filin jirgin Gilasgo mun wuce manyan jirage masu zuwa Landan da Dubai, aka kai mu wani lungu inda namu yake tsaye. Kusa da waɗancan, sai ka ce akuya a cikin garken raƙuma. Sunansa Twin Otter, ƙirar ƙasar Kanada, kuma irinsa na farko ya tashi a 1965. Kalma ta biyu a sunan tana nufin karen ruwa, ta farko kuma tana nuni da injinansa biyu, kowanne da farfela. Kujerunsa 19 ne, ɗaya a gefen hagu, biyu a gefen dama. Fukafukansa a saman jiki suke, ƙafafunsa kuma ba sa naɗewa, a waje suke zama har a sauka. Kamfanin Loganair ne ke tuƙa shi a wannan hanya.

Babu ma'aikaciyar da ke raba shayi a ciki. Mataimakin matuƙi ne ya juyo, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin tuƙi, ya yi mana bayanin ɗamara da rigar ruwa da ƙofofin fita, sannan ya koma kujerarsa. Ƙofar ɗakin a buɗe take, don haka muna kallon allunan da ke gabansu da duk abin da hannayensu ke yi. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne sandunan ƙara wa injin ƙarfi a rufin ɗakin suke, sai matuƙi ya ɗaga hannu sama ya tura su. Jirgin bai yi wani dogon gudu ba sai muka ji ƙasa ta rabu da mu. Don wannan aka ƙera shi: ya tashi kuma ya sauka a gajeren fili, ko da ba na kwalta ba ne.

Da yake ba a matse iskar cikinsa kamar ta manyan jirage, ba ya hawa can ƙololuwa. Wannan ya yi mana daɗi, domin komai na ƙasa a bayyane yake: tsaunuka, tafkuna masu tsawo, fararen ɗigo-ɗigo a kan ciyawa waɗanda muka gane tumaki ne. Muka bar babban yanki, muka wuce tsibirin Mull, daga nan sai ruwa shuɗi ko'ina. Ƙarar injin ba ta barin hira, sai nuni da yatsa.

Ba dukkan fasinjojin ne ke leƙen taga ba. Mu da wasu baƙi biyu masu manyan kyamarori ne muke ta ɗaukar hoto. Wata dattijuwa da ke gefenmu tun da aka tashi ta buɗe jarida, wani mutum sanye da kayan aiki kuma ya jingina kai ya yi barcinsa. Tun a nan muka fara fahimtar cewa jirgin nan iri biyu na mutane yake ɗauka, 'yan kallo da 'yan gida.

Sauka a kan yashi

Bayan kamar awa guda jirgin ya fara yin ƙasa. Ruwan da ke ƙarƙashinmu ya sauya daga shuɗi mai duhu zuwa kore mai haske, har ana ganin yashin da ke ƙasansa. Muka yi ta neman titin jirgi ta tagar gaba, babu kwalta, babu farin layi, babu fitilu. Wani makeken fili ne kawai fari fat, mai siffar kwarya, da tuddan yashi a bayansa da wani ɗan gini guda. Sunan wurin da harshen mutanen tsibirin Traigh Mhòr, ana furta shi kamar "Tirai Vor", ma'anarsa babban bakin teku.

Ƙafafun jirgin suka taɓa ƙasa a hankali, ba tare da irin dukan da ake ji a kan kwalta ba. Ragowar ruwan da ke kwance kan yashin ya fantsamo har kan tagogi. Cikin 'yan daƙiƙu jirgin ya rage gudu, ya juya, ya gangara har kusa da ginin. Da aka buɗe ƙofa muka sauko kan jiƙaƙƙen yashi, iska mai sanyi da warin gishiri ta buge mu. A bayan shinge mutane sun jeru suna kallo, domin saukar jirgin kanta abin kallo ce ga masu yawon buɗe ido. Wurin karɓar kaya kuwa wata 'yar rumfa ce a waje, kamar wadda ake jiran mota a ƙarƙashinta.

Duk da cewa ido ba ya ganin titi, titunan suna nan, guda uku. An kafa sandunan katako a ƙarshen kowanne don matuƙi ya gane su, kuma an shimfiɗa su ta fuskoki daban-daban. Mafi tsawonsu bai kai mita 900 ba, alhali babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano ya haura mita 3,000. Amfanin zama uku shi ne jirgi yana son ya sauka yana fuskantar iska. Abin da ke riƙe jirgi a sama shi ne gudun iskar da ke bi ta kan fukafukansa. Idan iska na kaɗowa daga gaba, jirgi zai iya tafiya a hankali bisa ƙasa amma fukafukansa na samun isasshiyar iska, sai ya tsaya a gajeren wuri. A tsibirin da iska ke juyawa yadda ta ga dama, tituna uku na nufin kusan kullum akwai wanda ya dace.

Wataƙila kuna tambaya, yaya yashi zai ɗauki nauyin jirgi bai nutse ba? Duk wanda ya taɓa ganin mota ta kafe a busasshen rafi da rani ya san halin yashi. Amma ku tuna yadda yashin nan yake yin tauri bayan an ɗauke ruwan sama, har keke ya bi ta kai. Ruwa kaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi yana riƙe su da juna. Yashin Traigh Mhòr yana da garin ɓawon halittun ruwa da yawa a cikinsa, kuma sau biyu a rana teku na danne shi yana daidaita shi. Ruwan da ke rufe filin shi ne kuma ke gyara shi. Duk da haka, kafin kowane jirgi ya iso sai ma'aikata sun zagaya da mota sun duba ko ruwa ya bar katako, igiya, tarin ciyawar teku ko rami. Gishiri kuma yana cin ƙarfe, don haka jiragen wannan hanya na buƙatar wanki da kulawa fiye da na sauran wurare.

Wata ne mai jadawali

Yanzu ga tambayar da ta fi kowacce: me ke sa ruwan ya zo ya koma? Amsar tana sama, ita ce watan nan da muke duba tsayuwarsa don azumi da salla. Wata yana jan duniya da ƙarfin nan na jan abu da kuka karanta a kimiyya. Yana jan ruwan da ke ɓangaren da ke kusa da shi fiye da yadda yake jan tsakiyar duniya, yana kuma jan tsakiyar duniya fiye da ruwan da ke can ɗaya ɓangaren. Sakamakon haka ruwan teku yana yin tozo biyu, ɗaya ta wajen wata, ɗaya ta bayansa. Yayin da duniya ke juyawa, kowace gaɓa tana ratsa tozon nan biyu, sai a samu cikowa biyu da janyewa biyu a kusan kowace rana.

Mun ce kusan, domin tsakanin cikowa da cikowa awa 12 ne da minti 25 ko kusa da haka. Kafin duniya ta gama juyi ɗaya, wata ya riga ya ɗan matsa gaba a kan hanyarsa, sai duniya ta ƙara kamar minti 50 kafin ta cim masa. Kun san wannan ko da ba ku taɓa ganin teku ba. Bayan wata ya cika, kowane dare yakan makara wajen fitowa fiye da daren jiya, har ya koma sai can tsakar dare. Wannan makarar ita ce dai ke sa ruwan Barra ya makara, shi kuma jirgi ya bi sahu.

Rana ma tana da nata jan, ko da yake tasirinsa wajen cikowa da janyewar ruwan teku bai kai rabin na wata ba. Idan rana da wata da duniya suka jeru a layi ɗaya, wato lokacin tsayuwar sabon wata da kuma daren 14 zuwa 15, ƙarfinsu yana haɗuwa. A kwanakin ne ruwa ke cikowa sosai ya kuma janye can nesa, bambancin tsayinsa a Barra yakan wuce mita 3. A kwana 7 ko 8 ga wata, da kuma wajen 22, jan nasu yana saɓawa, sai motsin ruwan ya ragu. Mun je ne kwana biyu bayan cikar wata, kuma a wannan yanki babbar janyewa tana faɗowa ne wajen tsakar rana. Abin da ya ba mu awanni masu yawa ke nan. Masana sun iya lissafa lokutan nan tun shekara guda kafin su zo, daga wannan lissafi ake fitar da jadawalin jirgi.

Idan babu jirgi, filin na kowa ne. A bakin yashin akwai allo mai gargaɗin cewa kada a shiga idan an ɗaga jakar iska, wato wata doguwar jaka mai kama da hannun riga da ake ratayawa a kan sanda don nuna inda iska ta dosa. Da jirginmu ya koma Gilasgo aka sauke ta, sai muka hango mutane can nesa da bokiti da manjagara suna tonon wasu ƙananan halittu masu ɓawo biyu, dangin ƙumba, waɗanda ake dafawa a ci. Tarihin tsibirin ya nuna cewa a shekarun yunwa wannan yashi ne ya ciyar da jama'a da yawa.

Awa uku da rabi a tsibirin

Mun fara da haura tuddan yashin da ke bayan ginin. Tafiyar 'yan mintoci ce, sai ga mu a ɗaya gefen tsibirin, a wani dogon bakin teku mai suna Traigh Eais. Nan ne muka ga bambancin gabas da yamma. Gefen filin jirgi yana cikin lungu, ruwansa a kwance yake. Wannan gefen kuwa Atlantika ce kai tsaye, igiyoyin ruwa na dukan gaɓa da ƙara kamar tsawa. Ɗayanmu ya cire takalmi ya tsoma ƙafa, bai ƙirga biyar ba ya fito da gudu, duk da cewa lokacin bazararsu ne. Tsakanin gaɓoɓin biyu akwai wani shimfiɗaɗɗen fili mai gajeriyar ciyawa da ƙananan furanni farare da rawaya, shanu na kiwo a kai. Iska ce ke kwaso garin ɓawo daga bakin teku ta zuba a wurin, shi ya sa ƙasar ke da albarka. Irin wannan fili kaɗan ne a tsibirin, sauran duk tsauni ne da duwatsu. Da muka ga haka muka gane abin da ya sa tun farko matuƙa suka zaɓi bakin teku: shi ne shimfiɗaɗɗen wuri mafi girma da ba a noma ko kiwo a kansa.

Daga nan muka ɗauki tasi zuwa Castlebay, babban garin tsibirin, tafiyar kamar kilomita 13. Hanyar ta mota ɗaya ce, an yi mata 'yan wuraren ratsewa jefi-jefi. Duk wanda ya fi kusa da wurin ratsewa shi ke tsayawa, kuma kowane direba sai ya ɗaga wa ɗan'uwansa hannu. Tumaki na kwance a gefen kwalta ba su damu da kowa ba. Allunan hanya kuwa da harshe biyu aka rubuta su, Galik da Turanci. Galik shi ne tsohon harshen wannan yanki. A ƙidayar 2011 masu jinsa a duk Sikotlan ba su kai 60,000 ba, amma a Barra fiye da rabin jama'a suna yinsa, ana kuma koyar da yara da shi a makaranta. Direbanmu, wani dattijo mai fara'a, ya tambaye mu wane harshe muke yi a tsakaninmu. Muka ce masa Hausa, kuma masu jinta miliyoyi ne. Ya yi dariya ya ce to mu riƙe ta da kyau, domin su sun san yadda harshe ke zubewa idan yara suka fara jin kunyarsa.

A Castlebay abin da ke fara jan ido shi ne wani tsohon gidan sarauta na dutse da aka gina a kan wani fā a tsakiyar ruwa, ana kiransa Kisimul. Mazaunin shugabannin zuriyar MacNeil ne, waɗanda suka mallaki tsibirin ɗaruruwan shekaru. A shekarar 2000 shugaban zuriyar ya ba hukumar adana kayan tarihi ta Sikotlan hayarsa ta shekara 1,000, a kan fam 1 da kwalbar barasa guda a kowace shekara. A bayan garin kuma tsaunin Heaval ne, mafi tsawo a tsibirin, mita 383. Lokaci bai ba mu damar hawansa ba. Muka sayi soyayyen kifi da dankali, muka zauna a bakin tashar jiragen ruwa muna ci muna duba agogo. A ƙarni na 19 wannan tasha cike take da jiragen kamun kifi, ana gyara kifin a zuba a ganguna da gishiri a kai ƙasashen Turai. Yanzu jirage kaɗan ne a ciki.

Abin da jirgin yake ga 'yan gida

A kan hanyar komawa muka tambayi direban ko su ma suna zuwa kallon jirgin. Ya ce su ba kallonsa suke yi ba, jiransa suke yi. A tsibirin akwai ƙaramin asibiti, amma wanda ke buƙatar babban likita ko tiyata sai an kai shi wani wuri, sau da yawa Gilasgo. Ɗalibin da ya gama sakandare a Castlebay ya samu jami'a, da ma'aikacin da ke aiki a nesa, da wanda aka yi wa rasuwa, duk wannan jirgi ne hanyarsu mafi sauri. Da hunturu, idan guguwa ta hana jirgin ruwa tashi, muhimmancinsa na ƙaruwa. A da, idan larurar gaggawa ta taso da dare, akan jera motoci a haska yashin da fitilunsu don jirgi ya samu sauka.

Kuɗin tikitin mutum goma sha wani abu ba zai iya biyan man jirgi da matuƙa da ma'aikatan fili ba. Saboda haka gwamnatin Sikotlan ce ke tallafa wa hanyar, har ta sayi sababbin jirage biyu irin wannan a 2015 domin ita da wasu ƙananan hanyoyi. Mai lissafin riba kaɗai zai iya cewa asara ce. Tarihin yankin ne ke ba shi amsa. A 1851, bayan cutar da ta lalata dankali ta jawo yunwa, mai tsibirin na lokacin, Kanar John Gordon, ya sa aka tattara ɗaruruwan mutane, wasu da ƙarfin tsiya, aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Kanada. Har yau akwai zuriyar mutanen Barra da yawa a can. A kudu da Barra kuma akwai tsibirin Mingulay, wanda mutane suka zauna a kai tsawon ƙarnoni. Ba shi da wurin da jirgin ruwa zai tsaya cikin aminci, idan teku ya ɓaci sai a yi makonni ba shiga ba fita. A 1912 mutanensa na ƙarshe suka tashi, yau sai tsuntsaye da kangaye. Maƙwabcinsa Vatersay kuwa, wanda a da sai an sa shanu iyo kafin a kai su kasuwa, an haɗa shi da Barra da hanyar mota a 1991, kuma har yanzu da mutane a cikinsa. Garin da ke da hanya yana riƙe 'ya'yansa, wanda ba shi da ita a hankali yake zama kufai. Wanda ƙauyensu ke yankewa daga gari duk damina saboda rafi ya cika ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Kafin ruwa ya dawo

Mun koma filin da sauran lokaci, domin wanda ya rasa jirgi na biyu sai dai ya nemi wurin kwana. Haka kuma idan hazo ya sauko ko iska ta yi yawa, akan soke tashi, don haka kowannenmu ya zo da ɗan guzuri da rigar sanyi ko da za a kwana. Muka sha shayi a ɗan shagon da ke cikin ginin muna kallon waje. An ɗaga jakar iska, masu tono sun tattara bokitansu sun fita, motar ma'aikata ta zagaya ta dawo. Can sai ga ɗan ɗigo a sama ta gabas, ya yi ta girma har ya zama jirgi.

A lokacin ruwa ya riga ya juyo. Layin da muka bari can nesa da rana ya matso, yana tahowa a hankali ba tare da hayaniya ba, yana cike ƙananan kwaruruka ɗaya bayan ɗaya. Ba a ɓata lokaci ba, aka sauke kaya, aka ɗora namu, aka ƙirga mu. Jirgin ya gangara zuwa sandunan katako, ya juya ya fuskanci iska, ya tashi. Da ya karkata muka ga sawun tayoyinsa a kan yashi, layi uku a miƙe, ruwa na dosarsu. Kafin mu isa ɗakunanmu a Gilasgo wurin da muka tsaya ya zama teku. Rana kuwa ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe 10 na dare, domin haka kwanakin Yuni suke a ƙasar da ke kusa da digiri 57 arewa da tsakiyar duniya, alhali Kano tana kan digiri 12.

Ba sai kun je Barra ba kafin ku gwada abin da muka faɗa. Ku samu littafi, daga daren 15 ga wata ku riƙa rubuta lokacin da wata ya ɓullo ta gabas, har kwana biyar a jere, sannan ku fitar da matsakaicin tazarar. Ga kuma aikin gida ga masu son lissafi: idan yau ruwa ya kai ƙarshen janyewarsa a Traigh Mhòr da ƙarfe 12 na rana, ƙarfe nawa zai yi haka bayan kwana 3? Bayan kwana 7 kuma, mai tsayawa a filin da tsakar rana yashi zai tarar ko ruwa? Ku kai amsar ga malaminku na labarin ƙasa. Irin wannan lissafi ne wani ma'aikaci ke zama ya yi kafin a sayar wa kowa tikitin Barra.